Gidan dabbobin Duwe da raƙuman dawanmu na Kure

Salisu (Anje): Assalamu alaikum ƴan zaure. Ranar Asabar abokan karatu suka ja ni wani gidan dabbobi da ake kira Bioparc, a garin Duwe-la-Fonten na ƙasar Faransa, wajen kilomita 40 daga Anje. Tun da na dawo abin yake ci mini rai, shi ya sa na kawo shi nan.

Wurin tsofaffin ramukan haƙar dutse ne. Wani mutum mai suna Louis Gay ya buɗe shi a 1961, kuma har yau zuri'arsa ke riƙe da shi. Ba su cike ramukan ba, sai suka bar bangon dutsen ya zama shi ne shinge. Kana bin wata hanya mai duhu da sanyi a cikin dutse, ka ɓullo tsakiyar gora mai tsawo, sai kawai ka ga fili ya buɗe, ga raƙuman dawa a tsaye. An rataye musu rassan itace can sama. Na tsaya ina kallon wata tana zura harshe, baƙi-baƙi da shi, ta naɗo reshe ta tsige ganyen tas ta bar sandar. Ko ta kanmu ba ta bi ba.

Akwai kuma wurin tsuntsayen Kudancin Amurka, faɗinsa kusan hekta 1, an rufe samansa da raga. Kai ne kake shiga wurinsu. Aku manya masu ja da shuɗi suna tashi garke guda ta bisa kanka, suna sheƙa a kogunan bangon. Baƙin karkanda ma yana da kwarinsa, sai ka yi ta dube-dube kafin ka hango shi.

Amma abin da ya tsayar da ni allon bayani ne a kan Nijar. Ashe tun 2001 gidan nan yake tallafa wa ƙungiyar ASGN mai kare raƙuman dawanmu. Ga Turawa sun tsaya da yaransu suna karanta labarin Kure, yankin da raƙuman dawanmu suke zaune kusa da Yamai. Mu da Kure take kilomita 60 daga gidajenmu, mu nawa ne muka taɓa kai yaranmu? Sannan irin wannan wuri zai yiwu a Yamai?

Hajiya Rabi (Yantala): Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba da sa'ar karatu. Mu dai Muze muka sani, gidan tarihin ƙasa na Yamai mai dabbobi a ciki. Duk Sallah sai na kwashi jikokina mun je, su ga zaki da dorina da kura da jimina, mu wuce wurin ƙasusuwan dabbobin da, da itacen nan na Tenere da mota ta kayar a 1973. Ƙaramin cikinsu ranar da ya fara jin zaki ya yi gurnani, riƙe zanena ya yi gam, amma ya ƙi yarda mu bar wurin. Kure kuwa ban taɓa zuwa ba, gaskiya.

Ɗan Ader (Katako): Salisu ƙanena, ni dai ban ga mi ab bambanci ba. Kurkuku ko an yi mishi fenti kurkuku ne. Dabbar da Allah ya yi ta don ta yi tahiyar kwana da kwanaki, ka sa ta cikin rame ka shuka mata gora, ka ce ta ji daɗi? Don idonku anka gyara wurin, ba don ita ba. Kuma hwaɗa muna, nawa kab biya ka shiga?

Salisu (Anje): Yaya, babba ya haura Yuro 20, wato sama da jika 13.

Ɗan Ader (Katako): To ka ji. Jika 13 mutum guda. Wa za shi ba da wanga kuɗɗi a Yamai don ya kalli dabba, alhali buhun hatsi na jira nai? Mu bar zancen da ba ya yiwuwa.

Malam Isufu (lise): Kafin a rufe zancen, akwai abin da nake so zauren nan ya sani, don ina koyar da shi a aji kuma ɗalibai kan yi mamaki. Raƙuman da Salisu ya gani ba irin namu ba ne. Irin Kurdufan ne, na wajen Chadi da arewacin Kamaru. An daɗe ana zaton waɗanda ke gidajen dabbobin Faransa irin Nijar ne, sai a 2007 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ba haka ba ne. Ma'ana, irin namu mai hasken fata babu shi a gidan dabbobi ko ɗaya a duniya. A da yana yawo tun daga Senegal har tafkin Chadi. Yau Nijar kaɗai ya rage. A 1996 saura 49 aka ƙirga. Yanzu sun haura 600. Da waɗancan 49 ɗin sun ƙare, babu inda za a je a aro.

Salisu (Anje): Malam, wannan ya ƙara mini nauyin abin.

Baba Manzo (ritaya, gandun daji): Ƴaƴana sannunku. Na karanta duka. Isufu ya faɗi gaskiya, bari in ɗora a kai da abin da na gani da idona lokacin da nake aiki.

Raƙumin dawan nan gida biyu gare shi. Da damina yana kan tudun Kure, cikin dajin nan mai layi-layi, geza da sabara da ƴan ƙayoyi, inda ruwan sama ke gangarowa daga fako ya taru a gindin itatuwa. In rani ya shigo, ganye ya bushe, sai ya gangara Dallol Boso, wajen Harikanasu. Me ya kai shi can? Gawo. Kun san gawo shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Allah ya haɗa su ke nan, lokacin da daji ya ƙone gawo na da ganye da ƴaƴa.

To matsalar ita ce gidan nasa na damina yana ƙarewa. Ana share daji a yi gona, wannan kowa ya sani, jama'a ta ƙaru. Amma akwai na biyu wanda ya shafe mu mu na birni kai tsaye, shi ne itacen girki. Dazuzzukan da ke kewaye da Yamai su ne ke dafa mana tuwo. Salisu, abin da ka ga Turawa sun kashe dukiya suna kwaikwayo a cikin ramin dutse, mu Allah ya ba mu na asali, kuma a murhunmu yake ƙonewa. Shi ya sa in an tambaye ni ko a gina irin wancan wuri a Yamai, nakan ce a fara hana wanda muke da shi ƙarewa.

Haruna Direba: Baba ya gama magana. Ni hanyar Doso nake bi kullum. Da asuba za ka yi ta cin karo da tsofaffin motocin itace, an lafta musu kaya har sun karkace, duk sun nufo Yamai. Raƙuman kuma suna tsallaka kwalta, wani lokaci uwa da ɗanta. Uwar ta wuce, ɗan ya tsaya tsakiyar hanya yana kallonka da waɗannan dogayen ƙafafun. In kana gudu ba ka iya tsayawa. An sha buge su. Ina roƙon ƴan uwana direbobi, daga an kusa Kure a sassauta ƙafa, musamman da magariba.

Fati (Talaje): Ku yi haƙuri, ni zan shigo da wata fuska, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dangin mijina manoma ne a Dallol. Kuna ta cewa raƙumanmu, raƙumanmu. Kun taɓa ganin gonar wake bayan garke ya kwana a ciki? Uwar mijina da kanta take shuka wakenta, shi ne kuɗin sabulunta da maganinta na shekara. Harawar ma da ake ɗorawa a kan itace don a sayar da rani, tsawon raƙumin ya isa ya sauke ta. Mangwaro kuwa ba a magana, tun yana ɗanye suke tsinke shi. Kuma ba ka da ikon ko jifar sa da ƙarfi, doka ta hana. Ɗan birni ya zo ya ɗauki hoto ya koma, Bature ya karanta allo ya ji daɗi, tsohuwa ce ke ciyar da dabbar da guminta.

Hajiya Rabi (Yantala): Allah sarki. Fati ban san abin ya kai haka ba.

Malam Isufu (lise): Fati, maganarki gaskiya ce, kuma ita ce ta sa tallafin da Salisu ya ambata ba raƙuman ake kai wa ba, mutanen ƙauyukan ake kai wa. Rijiyoyi, ƙananan basussuka ga mata don kiwo da sana'a, taimakon noman rani. Dabarar ita ce mutum ya ga amfanin zama da dabbar. Kuma hakurin mutanen yankin ne ya sa 49 suka zama ɗaruruwa, ba shinge ba, don babu shinge a can ko taku ɗaya.

Fati (Talaje): Malam, ban musa ba, rijiya alheri ce. Amma rijiya ta gari ce, asara kuwa ta mutum ɗaya ce. Wadda aka cinye wa gona ba lallai ita ce ta samu bashin ba. Kuma da suna 49 wani abu ne, yanzu da suka haura 600 bakin da ke ci ya ninka fiye da sau goma, daji kuma ya ragu. Ina za su nufa in ba gonaki ba?

Baba Manzo (ritaya, gandun daji): Ƴata, tambayarki ita ce tambayar da ta sa aka kwashi wasu. A watan Nuwamba 2018 aka ɗauki 8 a mota, tafiyar sama da kilomita 800, aka kai su gandun Gadabeji a ƙasar Dakoro, inda suka taɓa zama kafin farin shekarun 1970 da farauta su share su. A 2022 aka ƙara 4. Aiki ne mai wuya ƙwarai, don raƙumin dawa ba ya jure daɗewa a kwance in an sa masa allurar barci. Na san 12 ba za su rage wa surukarki ɓarna ba. Amma ajiye duka irin a wuri ɗaya haɗari ne, cuta guda ta isa. Batun diyya ga manomi kuwa, ina tare da ke, haƙƙi ne, kuma na faɗe shi tun ina cikin kaki.

Ustaz Lawali: Bismillah. An tambaye ni ta gefe ko tsare dabba don kallo ya halatta, na ga ya fi kyau in amsa a nan. Hadisi ya inganta cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwa da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Ya kuma inganta cewa ƙanen Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) bai hana ba, har yakan tambaye shi labarin tsuntsun. Daga nan malamai suka ce tsarewa ta halatta da sharaɗin ci da sha da rashin cutarwa. Wanda ya tsare, amana ta hau wuyansa. Haka kuma zaluntar manomi don a kare dabba ba ya cikin adalci. Allah ne mafi sani.

Zainabu (ɗalibar likitan dabbobi): Na gode Ustaz. Ina so in koma kan maganar Kawu Ɗan Ader cewa don idonmu ake gyara wurin. Wani wurin haka ne, ana shuka furanni a gaban keji, dabbar na kan siminti. Amma akwai bambanci na gaske, kuma ana gane shi a jikin dabbar.

Na taɓa shiga wani gidan dabbobi a wata ƙasa, ba zan kama suna ba. Akwai kura a ɗaki ɗan ƙarami. Tana tafiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta juya a daidai wuri ɗaya, ta dawo, ba tsayawa. Gefen jikinta da ke gogar ƙarfen gashin ya ƙare, fata ta fito. Yara na ta tafi suna cewa tana rawa. Wannan ciwo ne na ƙunci, mun karanta shi, kuma yana raguwa in an canza wurin zama.

Abin da ke canza shi ba lallai sai kuɗin Turai ba. Ƙasa ko yashi a maimakon siminti. Inuwar itace ta gaske, a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Wurin ɓuya, inda dabba za ta shige in ta gaji da idon mutane. Zama da ƴan uwanta in mai zaman garke ce. Sannan a ɓoye mata abinci ta nema, a rataye, a binne, kada a zube mata a gaba kullum a sa'a ɗaya. Da yawan waɗannan aikin kafinta ne da mai walda da mai shuka itace.

Salisu (Anje): Zainabu, wurin ɓuyan nan na lura da shi. Akwai wata dabba okapi, ƴar uwar raƙumin dawa ce daga kurmin Kongo, mun daɗe a tsaye kafin ta fito daga cikin duhuwa. Ba wanda ya buga ƙarfe ko ya yi mata ihu. Wasu ma sun haƙura sun wuce ba su gan ta ba.

Ɗan Ader (Katako): Ɗiyata na ji bayaninki, kin yi karatu. Amma har yanzu ba a hwaɗa mini amfanin da dabbar daji ta samu don an tsare ƴar uwarta a Faransa ba.

Zainabu (ɗalibar likitan dabbobi): Kawu, ga misali daga ƙasarmu. Mariri, farin nan mai dogayen ƙahoni da suka lanƙwasa baya, a da yana kiwo garke-garke a arewacin Nijar da Chadi. Farauta da fari suka gama da shi, a shekara ta 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji. Waɗanda suka rage duk a tsare suke, a Amurka da Turai da ƙasashen Larabawa. Daga cikinsu aka haɗa garke a Abu Dabi, a 2016 aka fara sakin su a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim na Chadi. Sun hayayyafa a daji, har a 2023 aka cire su daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Ba don an tsare kakanninsu ba, da sai dai a hoto.

Ɗan Ader (Katako): Wanga kam na yarda abin kirki ne. Amma ki lura, da kuɗɗin Larabawa anka yi shi, kuma Chadi anka kai su don can ne daji ya rage. Maganar Baba Manzo ce ta dawo. In babu dajin, ina za a sake su? Ni ina yaro a Tawa, ungulu cike suke da mahauta, har korar su akai. Yanzu ɗiyana ba su san ta ba sai a waya.

Baba Manzo (ritaya, gandun daji): Ungulu kam guba da masu sayen kanta don tsubbu sun yi mata illa, tun 2015 tana jerin waɗanda ke bakin ƙarewa. Ba ita kaɗai ba. Mena, barewar nan da ƴan ƙwallonmu ke ɗauke da sunanta, ƴan kaɗan suka rage a ƙasarmu, a duwatsun Ayar da Tarmit. Adaks mai murɗaɗɗen ƙaho, wanda saboda shi da ire-irensa aka kafa gandun Tarmit da Tin Tumma a 2012, binciken da aka yi a 2016 guda 3 kacal ya gani, bayan aikin neman man fetur da farauta da mota sun tarwatsa su. Zakin Afirka ta Yamma kusan duk abin da ya rage yana dajin W da Arli da Panjari, inda rashin tsaro ya hana ma'aikata sakewa.

Kiwo a tsare kuma mu ma muna yi, Ɗan Ader. A Kelle ta ƙasar Gure ana kiwon jimina mai jan wuya don a mayar da ita daji. Ba wurin kallo ba ne, amma aikin ɗaya ne da wanda Zainabu ta faɗa.

Hajiya Rabi (Yantala): To ni yanzu ina so in kai jikokina Kure. Amma tsakani da Allah tun abin da ya faru gabana ke faɗuwa.

Haruna Direba: Hajiya ba ke kaɗai ba. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum 8 a can, Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban ƴan rakiya. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalan kowa haƙuri. Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa. Ƴan rakiyar nan da suke zama bakin hanya suna jiran mota, waɗanda suka san raƙuman ɗaya-ɗaya da zanen jikinsu, abincinsu ya yanke. Kada kowa ya kama hanya da kansa. A fara tambayar hukuma da jami'an gandun daji, abin da suka ce shi za a bi.

Malam Isufu (lise): Haka ne. Ni abin da zan iya yanzu shi ne na ajina. Zan nemi izinin shugaban makaranta mu fara da Muze, tunda tun 1959 take nan kuma kowane yaro na iya zuwa. Amma ba zagaye kawai ba, kowane rukuni ya ɗauki dabba ɗaya, ya zauna ya rubuta abin da take yi, me take ci, a ina danginta suke a ƙasar nan. Zainabu, in kina da lokaci ki zo ki yi musu bayani. Baba, kai ma muna roƙo.

Baba Manzo (ritaya, gandun daji): In Allah ya ba ni lafiya zan zo. Zan taho da ƴaƴan gawo su gani, da yawansu ba su san shi ba.

Ɗan Ader (Katako): Ku tambaye su kuma da mi aka dahwa abincin gidansu, itace ko gas. Ni gidana itace ne, don in tukunyar gas ta ƙare tsakiyar wata ba kullum akwai kuɗɗin cikawa ba. Wanga shi ne zancen da ya kamata a kai ma manya.

Haruna Direba: In hukuma ta ba da izinin Kure, motata tana nan, mai kawai za a zuba.

Fati (Talaje): In za a je, a je farkon Oktoba, lakol ta koma kuma wake bai gama fita daga gona ba. Bayan sun ga raƙuman, a wuce da su Dallol wurin uwar mijina, su zauna ta ba su nata labarin. Zabarmanci take ji, ni zan yi tafinta.

Malam Isufu (lise): Kure da Dallol a yini ɗaya da yara zai yi wuya, Fati, dole mu shigo gari kafin la'asar.

Fati (Talaje): To a rage lokacin hoto, Malam. Ni dai ban yarda a tsallake ta ba.